Yadda ake kammala hidimar Ranni a Elden Ring, daga Limgrave har Zamanin Taurari

Wasan bidiyo na Elden Ring ba ya rubuta wa ɗan wasa jerin ayyuka a gefen allo. Mutum zai faɗa maka magana sau ɗaya, ka je ka dawo ka tarar ya tashi, babu kibiyar da za ta nuna maka inda ya nufa. Haka kamfanin FromSoftware na Japan ya saba, kuma tun da wasan ya fito ranar 25 ga Fabrairu, 2022, hidimar Ranni, wata mayya a cikin wasan, na cikin waɗanda ake yawan tambaya da gardama a kansu, saboda tsawonta da yawan rassanta. Ita ke kai ka birane biyu na ƙarƙashin ƙasa, ta haɗa ka da Radahn, ta ba ka takobin Dark Moon Greatsword, sannan ta buɗe maka ɗaya daga cikin ƙarshe shida na wasan, wato Zamanin Taurari.

A ganina abu biyu ke ɓata wa mutane ita: yin abu kafin lokacinsa, da isa ƙarshe da jarumin da ba zai iya amfani da takobin da aka sha wahala dominsa ba. Don haka da ginin jarumi za mu fara. Wanda ba ya son a tona masa labari ya tsaya a nan, domin zan tona. Duk abin da ke ƙasa kuma ana yin sa ba tare da intanet ba.

Kafin ka bar Limgrave

Dark Moon Greatsword na buƙatar Strength 16, Dexterity 11 da Intelligence 38. Ta ƙarshen ce matsalar. Wanda ya fara da nau'in jarumin Vagabond ya zuba komai a ƙarfin damtse, in ya karɓi takobin sai dai ya ajiye a akwati. Idan sabon wasa za ka buɗe, ɗauki Prisoner. Yana farawa a mataki na 9 da Strength 11, Dexterity 14, Intelligence 14. In ka riƙe makami da hannu biyu, wasan yana lissafa Strength ɗinka sau ɗaya da rabi, wato 11 ta zama 16. Ke nan ba sai ka kashe ko ɗigo ɗaya a wannan layin ba. Astrologer ma ya yi, yana da Intelligence 16, amma jininsa kaɗan ne kuma Strength ɗinsa 8, sai ka ƙara uku.

Duk da haka kada ka soma da zuba runes, kuɗin wasan da ake ɗaga lambobin jiki da su, a Intelligence. Vigor tukuna. A 40 jininka zai kai 1450, a 60 ya kai 1900, bayan nan ƙarin ba ya biyan kuɗinsa. A farkon wasa zafin duka daga maƙera yake fitowa, ɗaga makami daga +0 zuwa +4 ya fi ɗigo goma a lambobin jiki amfani. Ni yadda nake tsarawa, Vigor 25 kafin Caria Manor, 30 zuwa 35 kafin Radahn, 40 kafin Astel, ragowar kuma Intelligence ta riƙa ci a hankali. Endurance a ba ta daidai abin da zai riƙe nauyin kayanka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, domin da zarar ka haura, mirginarka ta zama ta mai ɗauke da kaya, komai zai same ka.

Makaman da za su riƙe ka a tsakiya biyu ne, duka a Caelid. Sandar Meteorite Staff tana kangon Street of Sages Ruins a bakin fadamar Aeonia, kuma sihirin Rock Sling na cikin akwati a wani ɗakin ƙasa kusa da nan. Dukansu Intelligence 18 suke so. Sandar ba a ɗaga ta a maƙera, amma a yadda take ta fi duk wata sanda da za ka samu da wuri, kuma tana ƙara wa Rock Sling zafi. A kan doki ake ɗauko su, a guje, ba a tsayawa faɗa da kowa. Na biyu shi ne Moonveil, takobin da Magma Wyrm ke yarwa a ƙarshen Gael Tunnel, iyakar Limgrave da Caelid: Strength 12, Dexterity 18, Intelligence 23. Dodon nan yana da taurin kai a ɗan ƙaramin ɗakinsa, in ya gagare ka yanzu ka bar shi sai ka dawo daga Liurnia.

Ka zagaya Weeping Peninsula a kudu, akwai Sacred Tear uku a majami'unta, su ke ƙara yawan jinin da kwalbarka ke mayarwa. A Third Church of Marika kuma akwai ta huɗu tare da kwalbar Wondrous Physick.

Haɗuwa ta farko da Ranni tana zuwa ne bayan Melina ta ba ka dokinka Torrent. Koma Church of Elleh da dare, za ka ga wata mayya mai hannu huɗu zaune kan bango tana kiran kanta Renna. Ita ke ba ka ƙararrawar kiran ruhohi da tokar kyarketai uku. In ta wuce ka, ba a rasa komai ba, ana sayar da ƙararrawar a wurin Twin Maiden Husks a Roundtable Hold, matattarar jarumai. Haka ma Blaidd, rabi mutum rabi kyarkeci: idan ka ji kuka a kangon Mistwood Ruins, je ka tambayi ɗan kasuwa Kalé, zai koya maka ƙyasta yatsa, ka yi a ƙarƙashin ginin sai Blaidd ya diro. Zai taya ka kashe Darriwil a Forlorn Hound Evergaol, ka sami Bloodhound's Fang. Ba dole ba ne, amma wanda bai san Blaidd tun daga nan ba, abin da zai same shi a ƙarshe ba zai taɓa masa rai yadda ya kamata ba.

Caria Manor da hasumiyar Ranni

Ba sai ka kashe Godrick za ka shiga Liurnia ba, akwai siririyar hanya ta gefen gabas na ganuwar Stormveil. Daga nan ka bi gaɓar yamma ta tafkin ka yi arewa har Kingsrealm Ruins, inda hanya ke ƙarewa a jikin bango. Bangon na bogi ne, sare shi ya ɓace. A bayansa Iji yake zaune, ƙaton maƙeri mai karatun littafi, wanda ke sayar da Somber Smithing Stone daga na 1 zuwa na 4. Irin dutsen da Moonveil da Dark Moon Greatsword ke ci ke nan.

Daga wurinsa zuwa ƙofar gidan Caria Manor kiban sihiri za su riƙa zubo maka, sai ka saki linzami kana karkacewa. A cikin lambun akwai manyan hannaye masu tafiya kamar gizo-gizo, wasu a binne sai yatsu a waje. Wuta suke tsoro, tukunyar wuta ɗaya ta sa su birgima. A saman gidan Loretta ke jira a kan doki. Kira kyarketanka su ɗauke mata hankali, kai kuma ka tsaya kusa da ita, domin daga nesa ne kibanta suka fi cutarwa.

Bayan ta faɗi za ka fito filin Three Sisters mai hasumiya uku. Wani dodo mai fiffike, Adula, yana gadi, in ka ci kusan rabin jininsa zai tashi ya ɓace, in kuma ba ka son faɗan ka zagaye shi. Hau Ranni's Rise har sama, ka amsa cewa za ka yi mata hidima, ka sauko ka yi magana da siffofin hadimanta uku, Iji, Blaidd da malamin sihiri Seluvis, har kowa ya fara maimaita kansa, sannan ka koma wurinta. Kafin ka yi haka wasan ba zai bar ka ka fita daga yankin ba.

Yana da kyau ka san wa ka yi wa mubaya'a. Ranni 'yar Radagon ce da Rennala, 'yar'uwar Radahn da Rykard, kuma tana cikin ukun da Yatsu Biyu, wakilan ikon allahntaka, suka zaɓa don su gaji sarauniya Marika, ita da Miquella da Malenia. Ba ta so. Sai ta saci wani yanki na Rune of Death daga Maliketh, aka ƙera baƙaƙen wuƙaƙe da shi, a dare ɗaya aka kashe ran Godwyn, ɗan Marika, jikinsa ya rage, ita kuma ta kashe jikinta ranta ya koma cikin 'yar tsana. Wannan daren ne mafarin fashewar zoben Elden Ring da yaƙin da ya biyo baya. Masu ƙaunarta kan tsallake wannan wurin da sauri, amma duk gawar da ke tashi tana yawo a ƙasar nan, daga abin da ta yi wa Godwyn ta samo asali.

Radahn

Abin da take nema, wata wuƙa mai suna Fingerslayer Blade, yana Nokron, birnin da babu hanyar shigarsa. Sauka rijiyar Siofra River Well da ke dajin Mistwood, za ka tarar da Blaidd a bakin wani tsauni kusa da guguwar da Torrent ke tsalle a kanta. Zai tura ka wurin Seluvis, Seluvis ya ba ka takarda zuwa ga malama Sellen a ɗakin ƙasa na Waypoint Ruins, ita kuma ta gaya maka cewa ƙaddarar gidan Caria a ɗaure take da taurari, kuma Radahn ne ya tsayar da su cak. Kai wa Blaidd wannan labari, sai bikin Redmane Castle ya buɗe. Akwai gajeriyar hanya, wato taɓa kowace Grace (wurin hutawa a wasan) a Altus Plateau, ita ma tana buɗe bikin. Ni dai na fi son doguwar, don ita ke sa ka gane dalilin da za ka kashe mutumin da bai yi maka komai ba.

Radahn ya koyi sihirin nauyi a Sellia don kawai kada ya rabu da ramammen dokinsa, Leonard. Ya kara da Malenia a Aeonia, ta saki jar ruɓa ta cinye masa hankali, ya koma yawo a rairayi yana cin gawa. Bikin da Jerren ke shugabanta hanya ce ta ba shi mutuwar jarumi.

A bakin gadar Impassable Greatbridge akwai ƙofar sihiri da za ta jefa ka cikin gidan. Yi magana da Jerren, ka sauka filin. Da shigarka zai fara harbo kibau daga nesa, ka goce ko ka ɓuya bayan tarin makaman da ke kafe a ƙasa, kana taɓa alamomin zinariya. Kowace tana kiran mayaƙi: Blaidd, Alexander mai siffar tulu, Okina, Lionel, Tragoth, Therolina. Patches ma yakan zo in kun saba, ya ga girman abin ya juya. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne alamomin suna sake fitowa bayan mayaƙan sun mutu, kuma an yarda ka hau Torrent. Mai sihiri zai iya zagayawa yana tayar da su yana jifa da Rock Sling daga baya. Idan jinin Radahn ya kai wajen rabi zai tashi sama ya ɓace, kiɗa ya tsaya. Kada ka tsaya kallo. Hau doki ka duba sama, inda ka ga wuta ta taho ka yi gefe da gudu. Ruɓar da ta haukata shi har yanzu tana kama shi, don haka mai Faith 15 da Arcane 12 zai iya hura masa Rotten Breath ya ja da baya. Ladan faɗan runes 70,000.

A nan ne gardamar faci, wato gyaran da kamfanin ke yi wa wasan bayan fitowarsa, ta fi zafi. Facin 1.03 na watan Maris 2022 ya rage zafin wasu dukan Radahn, waɗanda suka kashe shi kafin nan suka dinga yi wa na baya gori. Daga bisani kamfanin ya ce ragin kuskure ne, ya mayar a 1.03.3. Amfanin sanin wannan shi ne ka riƙa duba ranar da aka ɗora bidiyon da kake koyi da shi. Dabaru da yawa na watannin farko sun mutu: Hoarfrost Stomp ya sha ragi a 1.03, Rivers of Blood da Bloodhound's Step a 1.06. Kuma wanda ke da niyyar shiga Shadow of the Erdtree, ƙarin da ya fito ranar 21 ga Yuni, 2024, dole ne ma ya kashe Radahn, shi da Mohg.

Nokron, da abin da za ka gama kafin ka miƙa wuƙa

Da faɗuwar Radahn tauraro zai faɗo a Limgrave ya huda ƙasa kudu da Mistwood. Tafi Grace ta Fort Haight West, za ka ga duwatsu na shawagi a kan ramin. Bi su a hankali har ƙasa.

Bos na farko a Nokron shi ne Mimic Tear, wanda ke kwaikwayon duk abin da kake sanye da shi lokacin da ka shiga. Cire makamanka a bakin ƙofa, ka bari ya gama ɗaukar siffarka hannu wofi, sannan ka mayar da su. Zai bar maka Larval Tear biyu. Ka adana su. Da su Rennala ke sake raba maka lambobin jikinka daga tushe, kuma wannan ce mafitar wanda ya riga ya yi nisa da jarumin da ba shi da Intelligence.

Haye gada ka yi hagu cikin daji zuwa Grace ta Ancestral Woods, daga nan ka bi rufin gine-gine da tsalle zuwa Night's Sacred Ground. Ka zo da Stonesword Key, domin a bayan ƙofar hazo akwai tokar Mimic Tear, wadda ke kiran kwafinka ya taya ka faɗa. Ba ta cin shuɗin ma'aunin sihiri, jini 660 take ɗauka, wani dalilin ke nan na gina Vigor. Ita ma an rage mata zafi a 1.03, amma har yau tana cikin mafi amfani, tunda tana shan duka tana ba ka sararin jifa. A ƙarshen titin, ƙarƙashin wani ƙaton ƙwarangwal da ke zaune kan kujera, akwai akwati mai ɗauke da Fingerslayer Blade.

Kada ka kai mata tukuna. Ranar da wuƙar ta shiga hannun Ranni, ranar Seluvis ya gama yawo, kuma hidimarsa ta rufe. Abin da mai sihiri ke so a hannunsa shi ne Magic Scorpion Charm, layar da ke ƙara zafin sihiri da kashi 12 cikin ɗari, a madadin ka riƙa jin duka fiye da da. Zai ba ka wani ruwan magani ya ce ka shayar da Nepheli Loux. Kada ka ba ta, zai mayar da ita 'yar tsana, ka rasa labarinta da aka ƙarasa a 1.03, inda take zama mai mulkin Limgrave. Kai wa Gideon a Roundtable Hold ya zubar, ka koma ka ce wa Seluvis an yi. Sannan ka nemo ɓoyayyen ɗakinsa a kangon da ke filin Three Sisters, ƙasan wurin na bogi ne, sai an sara. Tunkare shi da abin da ka gani, ka sayi 'yan tsanarsa da Starlight Shards har ya yarda da kai ya faɗa maka makircinsa, ka ɗauko masa Amber Starlight daga Altus Plateau. Layar za ta zo hannunka.

Daga nan ka tsaya. Abin da zai haɗa da dutsen, Amber Draught, na shayar da Ranni ne. In ka miƙa mata za ta kore ka, in ka nace da magana ta kashe ka nan take, hidimar kuma ta tsaya har sai ka kai Celestial Dew majami'ar Church of Vows, wurin kunkurun nan Miriel, ka nemi yafiya. Wannan yafiyar ita ce kuma maganin wanda hannunsa ya kuɓuce ya sari Blaidd ko Iji.

In ka leƙa Forlorn Hound Evergaol a wannan lokacin za ka ji Blaidd a kulle a ciki. Iji ne ya rufe shi. Buɗe shi ko barin sa ba ya canza ƙarshen labarin.

Yanzu kai wuƙar. Za ta ba ka Carian Inverted Statue. Ɗora shi a kan teburin Carian Study Hall a gabashin Liurnia, ginin zai kife, ka bi shi har Divine Tower of Liurnia, inda gawar Ranni ta ainihi take kwance. Wannan reshen ba dole ba ne, amma a jikin gawar akwai Stargazer Heirloom mai ƙara Intelligence 5, wato da 33 ma za ka iya riƙe takobin. Akwai kuma Cursemark of Death, wanda hidimar wata mata mai suna Fia ke buƙata.

Ainsel, Nokstella da tafkin ruɓa

Hasumiya ta uku, Renna's Rise, ta buɗe yanzu. A samanta akwai ƙofar sihiri zuwa Ainsel River Main. Kusa da inda ka sauka za ka tsinci ƙaramar 'yar tsana mai kamar Ranni. Zauna a Grace ta wurin, zaɓin yi mata magana zai fito. Sau biyu za ta yi shiru, a na uku ta amsa cikin fushi. Nan mutane da yawa ke maƙalewa, su danna sau ɗaya su ga ba komai su wuce.

Bi kogin ta Uhl Palace Ruins, inda wani abu da ke rataye a sama ke jifa da duwatsu, ka riƙa fakewa bayan ginshiƙai. Za ka ɓullo Nokstella. Hanyar hidimar ta ƙasa ce, bakin ruwa, amma hawa matakalar birnin ya cancanci wahalarsa saboda layar Moon of Nokstella da ke can ƙololuwa, mai ƙara gurbin sihiri biyu. Lifta za ta sauke ka Nokstella Waterfall Basin, gaba kaɗan kuma Baleful Shadow zai fito, da siffar Blaidd sak. Dukansa nauyi ne da shi amma yana da jinkiri, ka bari ya gama jerin saransa kafin ka rama, kada ka yi kwaɗayin sara na uku.

Siffar tasa ba haɗari ba ce. Duk wanda Yatsu Biyu suka zaɓa sukan ba shi inuwa mai tsaronsa, Blaidd kuma shi ne na Ranni. Kamar kare ne da aka ba ta kiwo amma igiyar na hannun masu shi: ranar da ta juya musu baya, dole ya juya mata, ko yana so ko ba ya so. Abin da Iji ya hango ke nan ya kulle shi.

Za ka sami Discarded Palace Key. Mabuɗin akwatin da ke gefen Rennala ne a Raya Lucaria Grand Library, a ciki akwai Dark Moon Ring. In ba ka riga ka kayar da Rennala ba, yanzu ne lokaci: mabuɗin makarantar yana bayan dodo Smarag, yamma da ginin, ana iya ɗauka a kan doki a gudu. Ka ɗauko zoben kafin ka ci gaba, don kada ka kashe Astel ka tarar da ƙofa a rufe.

Sai Lake of Rot, wurin da ba na jin akwai mai ƙaunarsa. Jan tafki ne, Torrent ba ya zuwa, kuma ruɓar tana cin jini da sauri fiye da dafi. A Grace ta Lake of Rot Shoreside ka mayar da kusan duk kwalabenka na jini. Sa kayan da suka fi Immunity. In kana da Preserving Boluses ka sa su kusa da hannu, mai Faith 12 kuma ya zo da Flame, Cleanse Me, wanda ake samu a sansanin sufayen wuta kudu da Church of Vows. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka mirgina a cikin ruwan. Mirgina tana shafe jikinka da shi, ma'aunin ya ci gaba da hawa ko bayan ka fita. Hango babban ginin da ke kudu ka miƙe da gudu. Ruɓar za ta kama ka, ka ƙyale ta, ka riƙa shan kwalba kana tafiya, sai ka taka busasshiyar ƙasa sannan ka yi magani. Yin magani a tsakiyar tafki asara ce, nan take za ta sake kamawa. Akwai faifan dutse da in ka taka suke ɗago dandamali, masu neman kayan da ke warwatse a tafkin su ke buƙatarsu.

A Grand Cloister ka sauka ta kan fasassun ginshiƙai. Ƙwarin da ke wurin suna harbo zaruruwa masu bin mutum, in sun taru a kanka ko Vigor 40 ba za ta cece ka ba, don haka gudu ya fi. A bakin magangarar ruwa akwai akwatin gawa na dutse. Shiga ka kwanta.

Zai kai ka wurin Astel, Naturalborn of the Void. Kansa ne ya fi jin duka, kuma Rock Sling na saurin karya shi ya faɗi. Daga nesa yana harbo haske yana kuma bulala da jela, don haka matsakaicin nisa, dab da kai, ya fi aminci. Babban haɗarinsa shi ne idan ya ɓace: sau da yawa a bayanka zai ɓullo ya cafke ka, kamun da kan kashe mai ƙaramin jini nan take. Da ya ɓace ka juya kyamara, ka shirya gocewa. Runes 80,000 yake bayarwa.

Zobe, takobi da alamar ƙarshe

Da zoben a jakarka ƙofar bayan Astel za ta buɗe, lifta ta hau da kai Moonlight Altar, tudun da kake hangowa daga Liurnia ba hanyar hawa. Adula zai dawo a gaban Cathedral of Manus Celes, wannan karon har mutuwa, kuma yana barin sihirin Adula's Moonblade. Za ka iya shigewa ciki ka taɓa Grace tukuna. Kusa da ita akwai rami, sauka a hankali, a ƙarshensa za ka ga Yatsu Biyu a yashe cikin jini, 'yar tsanar Ranni na zaune a gabansu. Sa mata zoben. Za ta bayyana ta kira ka mijinta, bayan ta ɓace takobin na nan a inda take.

Kai shi maƙera nan da nan, da Somber Smithing Stone yake hawa har +10. Dabararsa ita ce ka kunna masa hasken wata, daga nan duk duka mai nauyi da ka riƙe ya cika zai saki igiyar haske mai tafiya nesa, ba tare da ya sake cin ma'aunin sihiri ba har hasken ya mutu. Yana kuma tara sanyi a jikin abokin gaba. Haɗa shi da Magic Scorpion Charm da Magic-Shrouding Cracked Tear, wanda Erdtree Avatar na arewa maso gabashin Liurnia ke bayarwa. Daga nan Intelligence ta nufi 60, Vigor ma haka. Wanda ya kai 68 zai iya ɗaukar sihirin Ranni's Dark Moon a Chelona's Rise, nan kan tudun, bayan ya nemo kunkuru uku.

Idan ka koma Ranni's Rise za ka tarar da Blaidd a bakin ƙofa, gawarwakin masu baƙar wuƙa kewaye da shi, yana faɗa da kansa yana rantsuwa ba zai ci amanarta ba. Hankalinsa ya riga ya tafi, zai afka maka. Yana barin Royal Greatsword da sulkensa. In ka kai wa Iji labari, zuwanka na gaba gawarsa za ka tarar, tare da Bell Bearing ɗinsa, wanda za ka kai wa Twin Maiden Husks don ci gaba da sayen duwatsunsa. A Grace ta saman hasumiyar kuma 'yar tsanar tana da sauran magana, inda Ranni ke bayyana irin tsarin da take nufi: ta ɗauke ikon allahntaka ta yi nesa da shi, yadda mutanen ƙasa ba za su gan shi ko su taɓa shi ba.

Sauran abu biyu. Kada ka karɓi Frenzied Flame a ƙarƙashin Leyndell, domin tana rufe duk sauran ƙarshen, kuma cire ta sai da Miquella's Needle, wadda ba ta samuwa sai ka bi hidimar Millicent ka kayar da Malenia, sannan ka yi amfani da ita a filin Placidusax a Farum Azula. Na biyu, bayan Elden Beast ya faɗi, wanda tun facin 1.12 ana iya yaƙarsa a kan Torrent, kada ka taɓa fasasshen jikin Marika. Duba ƙasa kusa da shi, akwai shuɗiyar alamar kira. Ita za ka taɓa, Ranni ta zo.